Bin Sawun Fi'ilin ἀμφισβητέω a Shari'ar Gadon Hagniyas

Jawabi na 43 cikin waɗanda ake jingina wa Demostenis, mashahurin mai jawabi na tsohuwar Atina, rigimar gado ce tun daga farkonsa har ƙarshensa. Wani mutumin Atina mai suna Hagniyas ya rasu bai bar ɗan cikinsa ba, dangi suka shafe shekaru suna jan juna kotu a kan abin da ya bari. Galibin masana ba su yarda cewa Demostenis ne ya rubuta jawabin da hannunsa ba, amma babu mai shakkar cewa jawabin kotu ne na gaske daga ƙarni na 4 kafin miladiyya. Mai magana sunansa Sositeyos, mijin Filomake, matar da ta taɓa cin gadon a kotu sannan aka karɓe shi daga hannunta. Abokin shari'arsa Makartatos ne, ɗan Teyopompos, mutumin da ya karɓe.

Aikin da na sa a gaba shi ne mayar da sashe na 5 zuwa na 10 cikin Hausa, kuma fi'ili ɗaya ne ya cinye mafi yawan lokacin: ἀμφισβητέω, wato amfisbēteō. Ƙananan ƙamusoshi sukan ce jayayya ko gardama, su wuce. Ba ƙarya suka yi ba, sai dai in ka ɗora wannan ma'anar a kan sashen nan jimlar ba za ta zauna ba. Wanda ya koyi Girkancin Sabon Alkawari a makarantar tauhidi ma baƙo ne a nan, domin kalmar ba ta zo ko sau ɗaya a can ba. Abin da ya saba da shi shi ne διαλέγομαι, wanda aka yi amfani da shi a kan muhawarar Bulus a Tasalonika da Atina, da συζητέω na Markus.

Kayan aikin ba su da yawa. Akwai nassin Girkanci bugaggen da ke da bayanin saɓanin kwafi a ƙasan shafi. Akwai babban ƙamus na Liddell da Scott, wanda ya fara fitowa a 1843, bugu na tara kuma ya kammala a 1940 da gyaran Jones, shi ya sa ake kiransa LSJ. Akwai nahawun Smyth na 1920. Ƙamus ɗin da nassin duka suna kan intanet kyauta, a Perseus na Jami'ar Tufts da Logeion na Jami'ar Shikago. Sai takarda guda da na ja wa layi uku: siffar da fi'ilin ya zo da ita, sunan da ke manne da shi da ƙarshen da sunan ya ɗauka, da kuma wurin da ake maganar, kotu ce ko zauren muhawara.

Na fara da kwafe jimlar da hannu, da duk alamomin da ke kan wasula. A sashe na 5 mai shela ne yake kira:

εἴ τις ἀμφισβητεῖν ἢ παρακαταβάλλειν βούλεται τοῦ κλήρου τοῦ Ἁγνίου ἢ κατὰ γένος ἢ κατὰ διαθήκας

Kwafin hannu ba don gargajiya ba ne. Ido yana tsallake alamomin karin sauti idan yana karatu a allon waya, alhali a wannan fi'ili su ne suke raba siffofin da harufansu iri ɗaya ne sak. Dubi ἀμφισβητεῖ da ἀμφισβήτει. Na farko, mai lanƙwasasshiyar alama a gaɓar ƙarshe, ma'anarsa yana jayayya. Na biyu, mai kaifin alama a gaɓar da ke gabanta, umarni ne: yi jayayya. A siffar fi'ilin da Girkawa ke kira aoristos abin ya fi haka tsanani, siffa uku ce da baƙaƙe da wasula ɗaya: ἀμφισβητῆσαι, ἀμφισβητήσαι, ἀμφισβήτησαι. Ta farko sunan aiki ce, irin abin da masu Larabci za su kira masdari. Ta biyu siffar fata ko yiwuwa ce ga mutum na uku tilo. Ta uku umarni ce a sigar da aikin ke komawa kan mai yinsa. Manhajar Perseus da ke feɗe kalma takan jero dukkan abin da zai yiwu ta bar ka ka zaɓa, don haka ba ta ɗauke maka wannan nauyin ba.

Kafin a buɗe ƙamus sai an mayar da kalma siffar da aka jera ta da ita. Wanda ya karanta sarfu ya saba neman saiwa mai baƙi uku, ko siffar ya aikata. Ƙamus ɗin Girkanci ba haka yake ba: yana jera fi'ili da siffar ina aikatawa, mutum na farko tilo, kuma kafin wasulan ƙarshe su narke cikin juna. Babu ɗan Atina na zamanin Demostenis da yake cewa amfisbēteō. Amfisbētō yake cewa, ἀμφισβητῶ. Ƙa'idar narkewar guda uku ce: ε da ε su ba da ει, ε da ο su ba da ου, idan kuma ε ya haɗu da dogon wasali ko tagwan wasali sai a haɗiye shi. Jimlar mai shela ta ba da misali mai kyau, domin fi'ilai biyu ne a jere masu ƙarshe iri ɗaya a ido. A ἀμφισβητεῖν alamar lanƙwasa tana kan gaɓar ƙarshe, shaidar cewa wasula sun narke a wurin, don haka kan kalmar a ƙamus -έω ne. A παρακαταβάλλειν alamar ta koma baya, babu narkewa, kan kalmar παρακαταβάλλω ne.

Wannan duk mai sauƙi ne. Inda mutane suke ɓata shi ne siffofin shuɗaɗɗen lokaci, kuma jawaban gado cike suke da su tunda labarin shari'o'in baya ake bayarwa. Za ka ci karo da ἠμφεσβήτουν, ἠμφεσβήτει, ἠμφεσβήτησα, ka buɗe ƙamus a harafin η, ba ka ga komai ba.

Dalili shi ne ɗafa-goshin shuɗaɗɗen lokaci. Idan fi'ili ya fara da baƙi ana sa masa ε a gaba: λύω ya zama ἔλυον. Idan ya fara da wasali sai a ja wasalin: ἄγω ya zama ἦγον. Idan kuma an gina shi da ɗan harafin wuri a gaba, ƙarin yana shiga tsakani ne, bayan harafin: παρακαταβάλλω ya zama παρακατέβαλλον. Fi'ilinmu ya haɗa biyu. An ja α na farko ya zama η, sannan an sa ε a tsakiya a gurbin ι. Smyth ya kawo wannan a sakin layi na 451 tare da 'yan uwansa irin su ἀνέχομαι, wanda ke zama ἠνειχόμην, da ἐνοχλέω, wanda ke zama ἠνώχλουν. Saboda haka warwarewar hawa biyu ce. Mayar da η zuwa α ka samu ἀμφεσβήτουν, mayar da ε na tsakiya zuwa ι ka samu ἀμφισβητ-, sannan ka ɗora -έω.

Akwai rami a nan da ya cancanci a tsaya a kansa. Wanda ya cire ἠμφ- ya tsaya yana kallon -εσβη- zai tuna da ἔσβην, siffar σβέννυμι, fi'ilin kashe wuta ko mutuwarta. Kamar da gaske, amma babu dangantaka ko kaɗan. Asalin rabon kalmar ἀμφίς ne, wato a rabe, gefe biyu, da βη-, saiwar βαίνω, tafiya ko taka ƙafa. Harafin σ na ɓangaren farko ne. Girkawan da kansu ne suka riƙa ɗaukar kalmar tamkar ἀμφι- da σβητέω, shi ya sa suka cusa ε a inda suka cusa, amma babu wani fi'ili σβητέω da za ka tarar a ƙamus.

Wasu bugu suna da ἠμφισβήτουν, da ƙari ɗaya kawai, wasu ἠμφεσβήτουν. Kwafe-kwafen hannu ne suka saɓa, masu tace nassi kuma kowa da abin da ya zaɓa. Ma'ana ba ta canzawa, amma abin yana da tasiri wajen bincike a kwamfuta. Idan ka rubuta cikakkiyar kalma za ka rasa rabin wuraren. Abin da na yi shi ne yanke harafin farko, tunda shi ne ke sauyawa tsakanin α da η, na nemi guntaye biyu ba tare da alama ba: μφισβητ da μφεσβητ. Cire alamomin dole ne, saboda wasali mai kaifin alama yana da lamba biyu daban a tsarin Unicode, ɗaya ta Girkancin zamani ɗaya ta tsoho, a ido iri ɗaya ne amma wasu manhajoji ba sa haɗa su. A tsohon tsarin rubutu na Perseus da haruffan boko kalmar ita ce a)mfisbhte/w. Mai son haɗawa da Herodotos, marubucin tarihi, sai ya ƙara gunta na uku, μφισβατ, domin a karin harshen Iyoniya α ne a wurin η, kuma wasulan ba sa narkewa: a littafi na 4 sashe na 14, inda wani mutumin Kizikos ya ƙi yarda cewa mawaƙi Aristeyas ya mutu, ἀμφισβατέειν aka rubuta.

Bayan haka sai karatun shafin LSJ, kuma daga sama ake farawa ba daga ma'anar da ta yi maka daɗi ba. Ma'anar tushe ita ce rabuwa, tsayawa gefe daban, daga nan saɓani. Abin da ya biyo baya an jera shi ne bisa ga ƙarshen da sunan da ke tare da fi'ilin ya ɗauka, kuma nan ne layi na biyu na takardata ya yi amfani. Mutumin da ake ja da shi yana zuwa a siffar dotikē, ta wanda aka yi wa, ko kuma da πρός a gabansa. Batun da ake magana a kai yana zuwa da περί. Idan ὡς ko ὅτι suka biyo, to matsayin da mai magana ya tsaya a kai ne za a faɗa. Idan kuwa abu ne ya zo a siffar genikē, ta mallaka, shi kaɗai ba περί, ma'anar ta tashi daga musayar baki ta koma miƙa hannu: wannan abu nawa ne.

A jimlar mai shela τοῦ κλήρου ne, genikē tsantsa. Kalmar κλῆρος tana nufin ƙuri'a, tana nufin yankin gona, a kotun Atina kuma tana nufin dukiyar mamaci gaba ɗayanta. Ke nan mai shela ba tambaya yake ko akwai mai son yin gardama a kan gadon Hagniyas ba. Tambayarsa ita ce ko akwai mai da'awar gadon, ta hanyar dangantaka, κατὰ γένος, ko ta hanyar wasiyya, κατὰ διαθήκας.

Nahawu ya kawo ni nan, amma bai isa ya zaɓa mini kalmar Hausa ba sai na san abin da ke faruwa a gaban arkon, jami'in da ke karɓar shari'ar gado. A Atina ɗan halak na cikin mamaci, da wanda mamacin ya mayar ɗansa tun yana raye, ba sa bukatar kotu. Shiga dukiyar kawai suke yi. Kowa ban da su, ɗan'uwa ne ko mai riƙe da wasiyya, sai ya shigar da takardar nema wurin arkon, shugaban da ake ɗauka da ƙuri'a na shekara guda wanda ke kula da marayu da gado. Idan mamacin baƙo ne mazaunin gari, wurin wani shugaban mai suna polemarkos ake zuwa. Ana karɓar takardun a kowane wata ban da Skiroforiyon, watan ƙarshe na shekararsu. Ana karanta su a babban taron jama'a don kada wani ya ce bai ji ba. Idan babu wanda ya fito, arkon ya damƙa wa mai nema. Idan wani ya fito, sai a tafi irin shari'ar da ake kira diadikasia.

Kowane mataki da fi'ilinsa, kuma fassarar gaggawa takan tattara su duka ta ce kai ƙara. λαγχάνειν shigar da takarda ne. ἐπιδικάζεσθαι neman a yanke maka gadon ne a hukumance. παρακαταβάλλειν ajiye kuɗin jingina ne. διαμαρτυρεῖν kawo mai shaida ne ya ce dukiyar ba ta buɗe ga masu nema ba domin akwai ɗan halak, wanda hakan ke tsayar da komai sai an fara kai mai shaidar ƙarar shaidar zur. Shi kuma ἀμφισβητεῖν fitowa ne ka ce kai ma kana da haƙƙi.

Kuɗin jinginar ba ƙaramin abu ba ne. A shari'ar gado kashi ɗaya cikin goma na darajar dukiyar ne, wanda ya faɗi kuma ya yi asararsa. A kuɗin Atina, talanti ɗaya dirakma 6,000 ne. A ce dukiya ta kai talanti biyu, jinginar dirakma 1,200 ke nan, a garin da ladan mai zaman yanke hukunci na yini guda rabin dirakma ne. Da wannan lissafi ne ragowar jimlar ta fito fili. Sositeyos ya ce Teyopompos yana gari lokacin da aka yi shelar amma οὐκ ἐτόλμησεν παρακαταβαλεῖν, bai yi ƙarfin halin ajiye kuɗin ba, wai da kansa ya yanke wa kansa cewa ba shi da komai a gadon. Masana har yanzu suna saɓani a kan wane ne cikin masu nema dole ya ajiye jingina da wane ne ba dole ba, saboda haka bai kamata mai fassara ya dunƙule fi'ilai biyun na shelar su zama ɗaya ba. Yadda nassin ya raba su da ἤ, haka na bar su da ko.

Abin da ya fi muhimmanci game da diadikasia shi ne babu mai ƙara babu wanda ake ƙara. Duk masu nema a sahu ɗaya suke, ko su biyu ne ko biyar, tambayar kuma ita ce wa ya fi cancanta. Sashe na 8 ya nuna haka a zahiri, kuma fi'ilinmu yana ciki:

ἀμφορέα ἑκάστῳ ἐγχέαι τῶν ἀμφισβητούντων, καὶ τρεῖς χοᾶς τῷ ὑστέρῳ λόγῳ

Siffar ἀμφισβητούντων ita kaɗai tana iya zama umarni ga jam'i, su yi jayayya, irin wanda ake gani a nassin dokoki. A nan τῶν da ke gabanta ya yanke magana: siffar mai aikatawa ce a jam'i, masu da'awar, kuma tana rataye da ἑκάστῳ, kowane ɗaya. Irin wannan ruɗani yana ga ἀμφισβητοῦσι, wanda ke iya zama suna jayayya ko ga masu jayayya, da ἠμφεσβήτουν, wanda ke iya zama ina ta jayayya ko suna ta jayayya. A duk ukun abin dubawa shi ne ko jimlar ta riga ta sami babban fi'ilinta da mai aikata shi.

Maganar ruwa ake yi. Lokacin jawabi a kotun Atina da agogon ruwa ake auna shi, tukunyar ƙasa mai ɗan bututu a gindi, ana toshe shi idan za a karanta doka ko shaida. Arkon ya zuba wa kowane mai da'awa amforeus ɗaya na jawabin farko, da khoes uku na jawabi na biyu. Khous ɗaya ya ɗan haura lita 3, amforeus kuma khoes 12 ne, kusan lita 39. An tono wata irin wannan tukunya a tsohuwar kasuwar Atina, mai cin khoes biyu, da aka gwada ta kuma ruwan ya tsiyaye cikin minti shida ko kusa da haka. In aka bi wannan ma'auni, kowa ya sami kamar minti 36 a karon farko da minti 9 a na biyu. Ƙorafin Sositeyos shi ne abokan hamayyar sun haɗa baki, kowa ya karɓi nasa ruwan a matsayin mai da'awa mai zaman kansa, amma duk suka juya a kan Filomake, shi da ke magana a madadinta ya tashi da kashi ɗaya cikin biyar na ruwan. Da aka zo jefa ƙuri'a an ajiye tukwane huɗu, kuma ƙuri'un da ke tukunyar Teyopompos sun fi na matar da uku ko huɗu kacal, a cewarsa. Rabon ruwa biyar da tukwane huɗu ba su yi daidai ba, kuma na bar lambobin yadda suke, domin gyara su ba aikin mai fassara ba ne.

A gefen shafi na ƙara gargaɗi ɗaya. Littafin tsarin mulkin Atina da ake jingina wa Aristotul, wanda aka buga daga takardar fafirus a Landan a 1891, ya ce khoes shida ake ba diadikasia kuma babu jawabi na biyu. An rubuta shi bayan shari'ar da Sositeyos ke ba da labarinta da shekaru masu yawa. Kada a ɗauki adadin wani nassi a gyara na wani da shi.

Sashe na 8 ya warware wata matsalar kuma. Cikin τῶν ἀμφισβητούντων har da matar mai magana. Mutum ba zai tsaya gaban ɗaruruwan masu yanke hukunci ya sa matarsa cikin masu husuma ba. Ke nan kalmar a nan ba ta ɗauke da zargi, duk kalmar Hausa mai warin faɗa ta fita: husuma, rigima, tankiya, cacar baki. Gardama da musu sun fita ta wata ƙofar, domin su a kan gaskiyar magana ake yinsu, ba a kan mallakar abu ba. Ƙalubalanta tana bukatar wani da ya riga ya riƙe abin, wanda ba kullum haka yake ba. Takara ta dace da tsarin shari'ar sosai, sahu ɗaya da tukunyar ƙuri'a ga kowa, amma kunnen mai karatu na yau zai tafi wajen zaɓe. Na tsaya a kan da'awa, tunda a bakin malaman fiƙihu da kotunanmu ita ce kalmar wanda ya ce abu nasa ne kuma zai kawo hujja. Tana da nata aibin, domin tana jawo tunanin mai da'awa da wanda ake da'awa a kansa, don haka a farkon fitowarta na yi bayanin diadikasia a ƙasan shafi. Jimlar mai shela ta zama: ko akwai mai son ya yi da'awar gadon Hagniyas, ko ya ajiye jingina a kansa, ta dangantaka ko ta wasiyya. Ta sashe na 8 kuma: ya zuba wa kowane ɗaya cikin masu da'awar amforeus guda, da khoes uku na jawabi na biyu.

Haka na guji alƙali a wurin dikastai, wato masu yanke hukunci, domin su talakawan gari ne 'yan shekara 30 zuwa sama da ƙuri'a ta faɗo a kansu, ba masana doka ba. Na kuma guji kalmomin rabon gado na Musulunci. A Atina 'ya mace da ba ta da ɗan'uwa namiji ba kaso take samu ba. Ita ce ke tafiya tare da dukiyar, ana kiranta epiklēros, kuma dangin uba na kusa yana iya yin da'awar aurenta a gaban arkon da wannan fi'ilin dai.

Saura gwaji na ƙarshe: kada kalmar da ta yi aiki a kotu ta bi ni zuwa inda ba nata ba. Wurin gwajin da aka fi sani shi ne Protagoras na Aflatun, 337b, inda Prodikos, mutumin da ya yi suna wajen rarrabe kalmomi masu kama da juna, ya roƙi Sokratis da Protagoras su yi ἀμφισβητεῖν amma kada su yi ἐρίζειν. Dalilinsa shi ne abokai suna yin na farko da abokansu cikin son juna, na biyu kuwa na masu gaba ne. Babu dukiya a nan, babu genikē tsantsa, mutanen kuma a dotikē suke, τοῖς φίλοις. Da'awa ba ta da wurin zama. Muhawara ko ja-in-ja na ilimi ya dace da na farko, husuma da na biyu. Shi ἐρίζω daga ἔρις yake, kalmar da ke bayan rikicin Agamemnon da Akilis tun a layukan farko na Iliyad, kuma kullum akwai son kayar da abokin magana a cikinsa.

Wuri na biyu ya fi amfani ga mai fassara, saboda yana nuna kuskuren da ke juya ma'ana baibai. A Jamhuriya ta Aflatun, 476d, an ce ἀμφισβητῇ ὡς οὐκ ἀληθῆ λέγομεν. Da fari, ῇ ɗin nan mai ɗan ι a ƙasa ya zo ne saboda ἐάν, idan, da ke can farkon jimlar, don haka sai an waiwaya baya an nemo shi. Sannan ga οὐκ, kalmar korewa. Wanda ya riƙe musanta a matsayin ma'anar fi'ilin zai rubuta: idan ya musanta cewa ba gaskiya muke faɗa ba. A Hausa wannan na nufin mutumin yana goyon bayanmu, alhali fushi yake da mu. A Girkanci abin da ke bin ὡς bayan wannan fi'ili matsayin mai jayayyar ne da kansa, ba maganar da yake rushewa ba. Mafita biyu ce. Ko a bar korewar a sauya fi'ilin: idan ya dage cewa ba gaskiya muke faɗa ba. Ko a bar musanta a zubar da korewar: idan ya musanta cewa gaskiya muke faɗa. Haka abin yake idan μή ya zo da sunan aiki bayan fi'ilin, kuma idan shi kansa babban fi'ilin an kore shi za a iya ganin μὴ οὐ, korewa biyu a jere, waɗanda a Hausa ba a fassara ko ɗaya cikinsu.

Girkancin zamani yana da nasa tarkon ga mai jefa kalma a injin fassara. Kalmar tana nan da rai, αμφισβητώ, ana furta ta amfizvito tunda β ya koma v, η kuma ya koma i, amma ma'anarta ta yau shakka ce ko ƙin yarda da ingancin abu. Injin da aka horar da jaridun Atina na yanzu zai ce mai shela yana tambaya ko akwai mai shakkar gadon Hagniyas.

Ga wanda zai ci gaba daga sashe na 10, nassin da ya kamata ya buɗe a gefe shi ne jawabi na 11 na Isayos, marubucin jawaban kotu da ya ƙware a shari'ar gado. Dukiyar Hagniyas ɗin ce dai, amma a can Teyopompos ne yake magana da bakinsa, yana kare kansa daga zargin cin haƙƙin maraya, ɗan ɗan'uwansa. Dokar da duka ɓangarorin ke dogaro da ita an kawo ta a sashe na 51 na jawabin Sositeyos: maza suna gaba da mata, kuma kusancin da ke ba da haƙƙin gado yana tsayawa ne a μέχρι ἀνεψιῶν παίδων, 'ya'yan 'yan uwan da aka haɗa kaka da su. Ko Teyopompos yana cikin wannan iyaka ko ya fita daga cikinta, a kan haka ɓangarorin biyu suka rabu. Ƙofar kuma ba ta rufewa da hukunci ɗaya, domin kamar yadda Isayos ya faɗa a jawabinsa na 3, doka ta yarda a sake da'awar gado har shekara biyar bayan mutuwar wanda ya ci shi.